LIONSROCK: mun biya kuɗi, ba a bari mun taɓa zaki ba, kuma wallahi zan sake komawa

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka dawo 'yan'uwa ke ta kirana wai ya wurin yake, ya kai a kwashi iyali a yi wannan doguwar tafiya ko kuwa, shi ne nace bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk mai niyyar zuwa ya karanta ya san abun da zai tarar.

Wurin sunansa LIONSROCK, yana ƙasar Afirka ta Kudu a lardin Free State, bai kai kilomita 20 daga wani gari da ake kira Bethlehem ba (ba ta Falasɗinu ba fa, suna ne kawai ya zo ɗaya). Ƙungiyar Four Paws ce ke riƙe da shi, ƙungiyar kare dabbobi ce da aka kafa a Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1988, shi kuma wurin an buɗe shi a 2008. Fili ne mai girman hekta 1,250, kuma manyan namun dawa masu farauta da ke ciki sun kai wajen 100, yawancinsu zakuna, sai taiga wato damisar Asiya mai ratsi-ratsi, da damisa irin tamu. Duk cikinsu ba wanda aka je daji aka kamo dan a nuna wa mutane, ceto su aka yi, wasu daga gidajen zu da suka lalace, wasu daga masu wasa da dabbobi, wasu daga gidajen masu kuɗi da suka saya suna ƙanana daga baya suka rasa yadda za su yi da su, wasu kuma daga tsakiyar yaƙi.

Mu daga Johannesburg muka tashi bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, muka bi titin N3 har garin Warden sannan muka yanke muka nufi Bethlehem, tafiyar awa uku da 'yan mintuna idan ba a tsaya-tsaya ba. Hanya lafiya lau. Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai shi ne sanyi, mu a watan Yuli muka je, lokacin hunturunsu kenan, kuma yankin nan tudu ne kusa da tsaunukan Maluti na bakin iyakar Lesotho, da safe za ka ga ciyawa ta yi fari fat raɓa ta daskare a kanta. Duk jaurar da ka sani a Kano ko Damagaram ba ta kama ƙafar wannan ba. Ku ɗau rigunan sanyi masu kauri, da safa da hular sanyi musamman dan yara.

Toh kafin in shiga bayanin wurin dole in faɗi wani abu da ke cina a rai, dan shi ne dalilin zuwanmu ma. Shekarun baya lokacin ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba, wani abokin kasuwanci ya kai ni wani wuri, bazan kama suna ba, inda ake biyan kuɗi a shiga a ɗauki 'ya'yan zaki a yi hoto. Na biya, aka miƙo min wani ɗan mitsitsi bai fi girman kyanwa ba, jikinsa da ɗigo-ɗigo, har fida aka bani na bashi madara. Na tambayi yarinyar da ke kula da su ina uwarsa, tace wai uwar ce ta ƙi shi shi ya sa suke rainonsa. Na yarda, na ji ma kamar na yi aikin lada. Akwai su sun fi goma a wurin a ranar, kuma ko kaɗan bai zo min a rai ba in tambayi kaina wai ta yaya iyaye mata da yawa haka duk za su ƙi 'ya'yansu a lokaci ɗaya. Abun da bana mantawa shi ne yadda ɗan zakin nan yake ta lumshe ido yana son barci, da ya kwantar da kai sai a tashe shi a miƙa wa na gaba a layi. Na sa hoton a Facebook mutane suna ta yabawa.

Sai daga baya na gane yadda sana'ar take. Zakanya cikinta kwana 110 ne ko kusa da haka, a daji idan ta haihu tana shayarwa wata shida zuwa bakwai, 'ya'yan suna tare da ita har kusan shekara biyu, sai bayan nan ta sake haihuwa. Su kuma masu gonar zaki sai su ƙwace 'ya'yan tun suna 'yan kwanaki, wani lokaci ko ido basu buɗe ba, saboda da an raba ta da su ba ta daɗewa take sake neman namiji, kaga an maida ita injin haihuwa kenan. Yaran a yi ta hoto da su, da sun ɗan tasa a koma cewa zo ka yi tattaki da zaki, da sun girma sun fi ƙarfin wasa sai a sayar wa masu harbi, a saki zakin da ya saba da mutum a cikin shinge inda ba shi da hanyar gudu, wani ya zo daga ƙasar waje ya biya ya harbe shi ya tafi da kai da fata, ƙasusuwan kuma a tura Asiya a yi magani da su. Ba ɓoyayyen abu bane, a 2017 gwamnati da kanta ta ba da izinin fitar da kwarangwal 800 na zaki, a 2018 aka sanar da 1,500, sai a 2019 kotu ta yanke cewa an saɓa doka dan ba a duba halin da dabbobin ke ciki ba. Zakunan da ke tsare a irin gonakin nan sun kai wajen 8,000 a wurare sama da 300, alhali na dajin ƙasar gaba ɗaya 3,000 ne da 'yan kai. A watan Mayun 2021 ministar muhalli ta lokacin Barbara Creecy ta sanar cewa gwamnati za ta kawo ƙarshen wannan kiwo, amma abun yana tafiyar hawainiya, gonakin basu ƙare ba. Ɗan zakin da na riƙe a hannuna na san inda irinsa ke ƙarewa, kuma kuɗina na ciki. Wannan abu ya daɗe yana damuna wallahi.

Shi ya sa da 'yata ta fara damuna da Abba ka kai mu mu ga zaki, nace toh amma ba irin wancan wurin ba.

Muna isa aka karɓe mu da fara'a, kuma tun kafin a fara zagaye jagoranmu ya shimfiɗa mana doka: ba taɓawa, ba miƙa hannu ta shinge, ba ihu ko jifa dan a tashi dabba, ba tsokana. Wurin gaba ɗaya a kan abu uku yake tsaye, ba sa kiwo dan a hayayyafa, ba sa saye ba sa sayarwa, kuma ba sa barin baƙo ya yi cuɗanya da dabba. 'Yata ta ɓata rai nan take, tace Abba ai kai ka ɗauka a hoto, nace mata Mamana yi haƙuri, wancan kuskure na yi, yau za ki ga yadda ya kamata a gansu. Ba ta gamsu ba a lokacin gaskiya, sai da muka shiga.

Abun da ya fara burge ni girman shingayen. Ba keji bane irin na siminti da ƙarfe da muka saba gani, fili ne sosai da ciyawa da duwatsu da bishiyoyi da wurin fakewa, har akwai inda za ka tsaya ka yi ta dube-dube baka ga komai ba sai jagora ya nuna maka can gindin dutse. A wajen shingayen kuma jakunan dawa da barewa iri-iri suna yawonsu a sake a cikin filin. Kuma ku sani tun yanzu, zaki malalaci ne a ɗabi'arsa, yana iya kwashe awa 18 zuwa 20 a rana yana kwance, dan haka wanda ya zo da tunanin zai ga ana tsalle-tsalle ana kokawa kamar a talabijin zai ga ba haka ba. Ba wanda zai taso maka shi. In ya ga dama ya fito in bai ga dama ba shikenan, kuma ni wannan ɗin ne ya kwanta min a rai.

Akwai wani tsohon namiji da muka daɗe a wurinsa. Yana kwance daf da shinge yana shan hantsi, tsakaninmu da shi bai fi taku goma ba, gezarsa ta yi duhu ta cukurkuɗe da ƙaiƙayin ciyawa, numfashinsa na fita kamar hayaƙi saboda sanyi. Ya ɗago kai ya kalle mu sau ɗaya, ido ruwan zuma, kallon da ba tsoro a ciki ba kuma roƙo, sannan ya yi wata doguwar hamma, a nan na ga haƙoransa na gaba guda biyu a karye suke, sun dakushe. Jagora yace irin wannan suna gani da yawa a dabbobin da suka yi shekaru a ƙaramin keji, tsabar ƙunci ke sa su yi ta gurgurar ƙarfe har haƙori ya tafi. Da ya tashi zai koma inuwa sai na lura ƙafafunsa na baya kamar basa ɗaukarsa sosai, yana ɗan tangaɗi. Wannan kuma yawanci daga abinci ne tun yana ƙarami, idan aka raini ɗan zaki da madarar da ba tasa ba, ko aka yi ta bashi tsoka zalla ko kaji ba ƙashi ba kayan ciki, ƙashinsa baya ƙwari, kuma abun yana binsa har tsufa. Maiɗakina da ba ta cika magana ba sai ji na yi tana cewa Allah sarki, bawan Allah. Yara suka yi tsit, 'yata ta riƙe hannuna gam ba ta sake maganar ɗauka ba.

A wani shingen kuma mun ga wata zakanya tana safa da marwa a wuri ɗaya, taku kaɗan ta juyo taku kaɗan ta juyo, alhali ga fili nan a bayanta iya ganinka. Tsawon kejin da ta taso a ciki take aunawa har yanzu. Wasu suna dainawa bayan watanni, wasu kuma abun ya zauna musu.

Ɗana ne ya yi tambayar da nima take bakina, yace toh me ya sa baza a maida su daji ba kawai. Amsar ita ce ba zai yiwu ba. Farauta koyonta ake yi a wurin uwa da sauran garke, wanda aka raina da fida bai san ta ba, ga shi ya saba ganin mutum a matsayin mai kawo abinci dan haka in aka sake shi ƙauye zai nufa, ko ya yi ɓarna ko a kashe shi, ga kuma da yawansu auren dangi ne ya haife su, uba da 'ya, wa da ƙanwa, jininsu ba lafiya. Kenan duk wanda ya shigo wurin nan ya shigo kenan har mutuwa, kuma zaki a hannun mutum yana iya kai shekara 20. Babban namiji a lissafi yana buƙatar wajen kilo 7 na nama a rana, mace wajen kilo 5, ka lissafa wannan sau ɗari sau shekara ashirin, banda likita da magani da gyaran shinge da albashin ma'aikata. Shi ya sa ma suke hana haihuwa, dan duk ɗan da aka haifa a nan ya cinye gurbin wani da ke can yana jiran ceto. Wani abu da na ƙaru da shi, ba a cika yi wa zaki fiɗiya ba dan in aka yi gezarsa zubewa take, sai dai a yi masa ƙaramin aiki a toshe hanyar maniyyi, ya ci gaba da zama da matansa da gezarsa ba tare da ciki ya shiga ba.

Labaran inda aka kwaso su kuwa sai ka ji kamar kana sauraron labaran duniya a rediyo. Akwai taiga mai suna Laziz da aka fito da shi daga gidan zu na Khan Yunis a Gaza a 2016 aka kawo shi nan. Akwai zakuna biyu, Simba daga Mosul ta Iraƙi da Sa'id daga wani wurin wasa kusa da Aleppo ta Siriya, an ceto su a 2017 aka fara kai su Jodan, a watan Fabrairun 2018 aka kawo su nan. Wanda ya jagoranci waɗannan tafiye-tafiye likitan dabbobi ne ɗan ƙasar Masar, Dakta Amir Khalil. Amma wanda ya fi taɓa ni na Sudan ne, ƙila dan muna da dangi a can. Wasunku za su tuna hotunan da suka yi ta yawo a watan Janairun 2020 na zakunan lambun Al-Ƙurashi a Khartum, fata da ƙashi kawai, haƙarƙari a waje. Wani bawan Allah Usman Salih shi ya tashi ya yi ta kururuwa a intanet har aka kawo ɗauki, daga baya ya buɗe wurin ceto a Al-Bagir kudu da Khartum. Dabbobin sun fara murmurewa kenan sai yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ma'aikata suka rasa yadda za su kai musu abinci. A watan Nuwamba aka kwashe kusan 50 zuwa Wad Madani, ba a yi wata biyu ba yaƙin ya iso can ma, aka sake kwasarsu, daga ƙarshe a watan Fabrairun 2024 zakuna 11 daga cikinsu suka sauka a LIONSROCK. Gudun hijira sau nawa kenan. Kuma Wad Madani ɗin nan gari ne da Hausawa ke da yawa a yankinsa, su ma a watan Disamban 2023 da yaƙin ya iso garin suka kwashi 'ya'yansu suka bi hanya.

Na san akwai mai cewa mutane na mutuwa da yunwa ku kuna maganar zaki. Ban raina wannan magana ba, nima na yi ta a raina. Amma zakin nan ba shi ya kai kansa keji ba, mutum ne ya kamo kakanninsa, mutum ne ya sa aka haife shi dan kuɗi, mutum ne ya kulle ƙofa ya gudu ya barshi. Kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. In kyanwa ce haka, ina ga wanda ya ɗaure manyan dawa.

Abun ya tuna min da gardawa da muke bi a kasuwa muna yara, kura da takunkumi a baki da ƙatuwar sarƙa a wuya, ana kiɗa ana jan ta muna ta murna muna ihu. Ban taɓa tambayar kaina ina take kwana ba, ko me take ci, ko ina aka baro uwarta. Kuma mu da ya kamata mu fi kowa damuwa, dan zakin Afirka ta Yamma ya kusa ƙarewa, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna saura wajen 400 ne kacal a yankin gaba ɗaya, mafi yawansu a dazukan W da Arly da Pendjari na tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, a Najeriya kuwa basu kai 50 ba, a Yankari da Kainji.

Maganar masauki, akwai ɗakunan kwana a cikin wurin da gidan abinci, mu kwana ɗaya muka yi, ɗakin tsaf-tsaf ga barguna masu nauyi, ma'aikatan kuma ba ruwansu da ɗaure fuska, duk tambayar da yara suka yi an amsa musu a natse. Abinci mu mun taho da guzurinmu na nama daga unguwar Fordsburg ta Johannesburg saboda maganar halal, a can shayi da burodi da ƙwai muka saya. Ku yi bukin, wato ku kama ɗaki, kafin ku taso, ku tambayi lokutan zagaye dan kar ku iso an riga an fita, kuma in kuna da madubin hangen nesa ku taho da shi zai yi muku amfani sosai. Masu ƙananan yara ku sani akwai jira da shiru a cikin abun, ba wurin lilo bane. In da sauran lokaci garin Clarens da gandun Golden Gate basu da nisa, duwatsun wajen kaɗai sun isa kallo.

Amma dan Allah in za ku je ku kwana, kar ku yi zuwa da dawowa a rana ɗaya. Na tashi da asuba na fito alwala, ruwan kamar ƙanƙara, gari baƙi ƙirin ba motsin komai, sai na ji wani ya fara daga can nesa, wani irin nishi mai zurfi kamar daga cikin ƙasa yake fitowa, sai wani ya amsa daga wancan ɓangaren, sai wani, kafin ka ce kwabo duk kwarin ya ɗauka. Ance rurin zaki yana kai kilomita 8, toh ka ƙaddara gomomi ne suke yi a tare kuma kana tsakiyarsu, ba a kunne kaɗai kake jinsa ba har a ƙirji. Na koma da sauri na taso yaran, muka tsaya a bakin ƙofa su biyu a cikin bargo ɗaya, maiɗakina a bayansu tana ta subhanallah. Sun yi kusan minti biyu sannan abun ya riƙa sauka a hankali, gurnani ɗaya-ɗaya, har aka koma shiru. 'Yata ta ɗago tace Abba tsohon nan na jiya yana ciki? Nace ina kyautata zaton yana ciki Mamana.

A hanyar dawowa ta karɓi wayata tana kallon hotunan da muka ɗauka, yawancinsu ciyawa ce da shinge da ɗan kunnen zaki can nesa, har ta kai kan tsohon hoton nan nawa, ta daɗe tana kallonsa sannan ta tambaye ni ko ɗan zakin yana da suna. Nace ba a faɗa min ba a lokacin, nima kuma ban tambaya ba. Mun yi da su in Allah ya kai mu hutun Disamba za mu koma, lokacin ciyawa ta yi kore kuma sanyin ya tafi.